Richard Ehman da Binciken da Ya Kawo Auna Taurin Hanta Ba Tare da Allura Ba

Richard Ehman likitan hoto ne a asibitin Mayo da ke birnin Rochester, a jihar Minnesota ta Amurka. Shi ya jagoranci masu binciken da suka samar da hanyar auna taurin hanta da na'urar MRI, hanyar da likitoci ke kira MRE a taƙaice. Kafin wannan aiki, idan likita yana son sanin iyakar lalacewar hantar mara lafiya, abin da ya fi dogara da shi shi ne a soka doguwar allura tsakanin haƙarƙari a tsinko ɗan naman hanta a kai ɗakin gwaji. Yanzu a manyan asibitoci da yawa ana samun amsar wannan tambaya cikin 'yan mintuna, mara lafiya yana kwance, ba a huda masa fata ba.

Ehman ya fara karatu ne da fannin fiziks a Jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada, sannan ya karanta likitanci a nan, ya kammala a 1979. Ya ƙware a aikin hoto a Jami'ar Calgary, ya yi bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a daidai lokacin da na'urar MRI ke fara shiga asibitoci, kana ya koma Mayo a 1985. Haɗuwar fiziks da likitanci a kan mutum ɗaya ita ta tsara duk abin da ya rubuta daga baya. Tambayoyinsa daga gadon asibiti suke fitowa, amsoshinsa kuwa daga lissafin yadda motsi ke ratsa abu.

Matsalar da hanta ke ɓoyewa

Hantar babban mutum tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma tana zaune a saman ciki ta ɓangaren dama, haƙarƙari sun rufe yawancinta. Tana tace jini, tana sarrafa abinci da magani, tana yin ruwan matsarmama, tana samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Gaɓa ce mai haƙuri ƙwarai, kuma haƙurin nata ne ke yaudarar mutane. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C, ko yawan shan giya, ko taruwar kitse saboda ƙiba da ciwon suga, duk suna iya yi mata illa shekara da shekaru mai ita bai ji komai ba.

Duk lokacin da ƙwayoyin hanta suka mutu, jiki yana cike gurbinsu da zaren tabo. Idan ciwon ya ɗore, tabon yana yaɗuwa, ya haɗe da juna, ya kewaye sauran lafiyayyun ƙwayoyin, har hantar ta ƙanƙance ta yi tauri ta yi gudaje-gudaje. A nan ne ake ganin kumburin ciki da ruwa, da shawara, da aman jini, da rikicewar hankali, kuma a kan irin wannan hantar ce sankara ta fi tsirowa. Masu duba nama a madubin likita sun kasa wannan tafiya mataki biyar a tsarin da ake kira METAVIR, daga sifili, inda babu tabo ko kaɗan, zuwa mataki na 4, inda hantar ta riga ta ƙanƙance.

Sanin matakin da mutum yake kai shi ne ginshiƙin shawarar likita: wa za a fara wa magani, wa za a riƙa duba wa sankara duk wata shida, wa zai iya jure tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar. Ba zai yiwu a soka wa wannan jama'a allura ɗaya bayan ɗaya ba.

Ita ma allurar tana da nata rauni. Tun 1958 da likitan Italiya Giorgio Menghini ya sauƙaƙa yadda ake tsinko naman cikin ƙiftawar ido, hanyar ta zama abin dogaro, amma ɗan naman da ake cirowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba. Tabo kuwa ba ya bazuwa daidai wa daida. A wani bincike da aka buga a 2002, an ɗebi nama daga ɓangaren dama da na hagu na hantar mutum 124 masu cutar nau'in C, sai aka tarar a kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ɓangarorin biyu sun saɓa da aƙalla mataki guda. Ga zafi, ga haɗarin zubar jini, wanda a wasu lokuta ƙalilan yakan kai ga rasa rai. Mutumin da aka yi wa sau ɗaya ba ya marmarin a maimaita masa, alhali ciwon hanta abu ne da ake bibiya tsawon shekaru.

Hoton MRI da na CT da na duban ciki da aka saba suna nuna siffar hanta da girmanta da ƙarin da ya fito mata. Amma hantar da ta fara tara tabo takan fito a hoto tamkar lafiyayya, sai abin ya yi nisa siffarta ke canzawa. Abin da ke canzawa tun da wuri shi ne taurinta. Likitoci sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke danna yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin dama su ce wa mara lafiya ya ja numfashi. Sai dai yatsa ba ya wuce gefen hantar, ba ya ratsa teɓa, kuma abin da wannan likita ya ji da tauri wani yana iya cewa da sauƙi.

Daga yaƙi da motsi zuwa amfani da shi

Rubuce-rubucen Ehman na farko ba su shafi tauri ba. Sun shafi babbar matsalar MRI ta wancan zamani, wato motsi. Na'urar tana ɗaukar lokaci kafin ta haɗa hoto, ita kuwa hanta tana hawa da sauka da kowane numfashi, jini kuma yana gudu a jijiyoyi, sai hoton ya fito dishi-dishi. A 1984 ya buga maƙala kan daidaita ɗaukar hoto da numfashin mara lafiya. A 1987, shi da abokin aikinsa Joel Felmlee suka bayyana yadda za a kashe hasken jinin da ke shigowa wurin da ake ɗauka don kada ya ɓata hoton. A 1989 kuma suka fito da dabarar da na'urar za ta riƙa aika wani ɗan gajeren sigina tana leƙen inda gaɓar take a kowane lokaci, ta gyara hoton gwargwadon haka. Waɗannan dabaru sun shiga cikin na'urorin MRI na kamfanoni daban-daban, har ma'aikacin da ke danna su a yau sau da yawa bai san sunan wanda ya ƙirƙiro su ba.

Wanda ya shafe shekara goma yana nazarin yadda motsi ke ɓata siginar MRI ya fi kowa sanin cewa na'urar tana jin motsi ƙwarai. Daga nan tunanin ya juya. Maimakon a kawar da motsin, me zai hana a aika wani sananne da gangan, a ɗauki hoton yadda yake tafiya cikin nama?

A 1995 mujallar Science ta buga amsar. Sunan farko a kan maƙalar na Raja Muthupillai ne, wanda ɗalibin digirin digirgir ne a lokacin, sai David Lomas, da Phillip Rossman, da James Greenleaf, da Armando Manduca, sannan Ehman a ƙarshe, gurbin da a al'adar wannan fanni ake bai wa jagoran ɗakin bincike. Jerin sunayen kansa yana nuna irin aikin: akwai likitan hoto, da injiniya, da masanin sauti, da masanin lissafi. Sun nuna cewa idan aka girgiza wani abu mai danƙo a cikin na'urar MRI, aka kuma sa maganaɗisun na'urar ya riƙa kaɗawa daidai da girgizar, to za a iya ganin igiyoyin motsin suna ratsa abin, ko da motsin bai kai nanomita 200 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu biyar na milimita.

Ba su ne farkon masu tunanin ɗaukar hoton tauri ba. Jonathan Ophir da abokan aikinsa a Houston sun bayyana yadda za a yi haka da na'urar duban ciki mai aiki da sauti tun 1991. Abin da ƙungiyar Mayo ta ƙara shi ne auna taurin da adadi, a wuri mai zurfi, a faɗin gaɓa gaba ɗaya.

Yadda awon yake

Tushen abin mai sauƙi ne. Girgiza ta fi gudu a cikin abu mai tauri. Mai kalangu ya san wannan a hannunsa: idan ya matse tsirkiyar a hammata, fatar ta ɗaure, girgizar ta ƙara sauri, sautin ya tashi, idan ya sassauta, sautin ya sauka. A hanta ma haka ne. Idan aka aika girgiza mai adadi sananne, a hanta mai taushi igiyoyin suna tafiya a hankali, sai su fito gajeru kusa da juna. A hanta mai tabo suna gudu, sai su fito dogaye masu tazara. Da an auna tsawon igiyar an san saurinta, da an san saurinta kuma lissafi zai ba da taurin naman.

A aikace, ana ɗaura wa mara lafiya wani faifan roba a ƙasan ƙirji ta dama. Doguwar tiyo ce ke haɗa faifan da wata lasifika da aka ajiye a wajen ɗakin, domin ƙarfe da wayar lantarki ba sa zama kusa da maganaɗisun na'urar. Lasifikar tana tura iska ta cikin tiyon, faifan ya riƙa rawa sau 60 a kowace daƙiƙa. Mara lafiyan yana jin rawar a jikinsa amma babu zafi. Zai riƙe numfashi na kimanin daƙiƙa 15, sau huɗu ko ƙasa da haka, na'urar ta ɗauki yanka huɗu na hantar. Kwamfuta ce ke mayar da hoton igiyoyin zuwa taswira mai launi, inda shuɗi da shunayya ke nuna taushi, ja kuma ke nuna tauri, ta kuma yi alama a wuraren da awon bai inganta ba don likita ya kauce musu. Ba a buƙatar allurar rini, babu kuma hasken da ke cutar da jiki irin na CT.

Ana faɗin sakamakon da ma'aunin kilofaskal. Lafiyayyar hanta takan tsaya ƙasa da 2.5. Daga wajen 3 zuwa sama ana zargin tabo, idan kuma ya haura 5 to galibi hantar ta ƙanƙance.

Shekaru goma sha biyu tsakanin maƙala da majinyaci

Maƙalar 1995 ba ta warkar da kowa ba, kuma ba ta ma ambaci hanta a matsayin babbar manufa ba. Shekarun da suka biyo baya sun tafi ne a kan aikin da ba ya jawo kanun labarai: wane irin lissafi ne zai juya hoton igiya zuwa adadi ba tare da ya ruɗe ba, sau nawa ya kamata a girgiza, ta yaya za a kai girgizar can cikin ciki alhali haƙarƙari sun tare hanya. An gwada hanyar a kan nono da tsoka da ƙwaƙwalwa. Na'urorin girgiza na farko masu aiki da lantarki ne, kuma ba su dace da ciki ba. Faifan roba mai aiki da iska ne ya buɗe ƙofar hanta. Cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun ɗauki nauyin wannan aiki shekara da shekaru, tun ba a san inda zai kai ba.

A 2006 mujallar Radiology ta buga sakamakon farko a kan hantar mutane, Olivier Rouvière ne a kan gaba. A 2007 Meng Yin da likitan hanta Jayant Talwalkar da Ehman da sauransu suka fitar da binciken da ya ja hankalin likitocin hanta. Sun auna mutum 35 masu lafiya da majinyata 50 da aka riga aka ɗebi namansu. Da suka sa iyaka a kilofaskal 2.93, awon ya gano kashi 98 cikin ɗari na masu tabo, ya kuma wanke kashi 99 cikin ɗari na marasa shi. Sun lura kuma cewa kitsen da ke cikin hanta bai canza awon ba. Wajen wannan lokaci Mayo ya fara yi wa majinyata gwajin a matsayin aikin yau da kullum, a 2009 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a na'urorin kamfanin GE. Siemens da Philips suka biyo baya.

Mutum 85 a asibiti ɗaya, a hannun waɗanda suka ƙirƙiro hanyar, ba hujja ce da za a rufe magana a kanta ba, kuma adadin da suka samu ya yi kyau fiye da abin da aka samu daga baya a cikin jama'a mabambanta. Abin da ya tsayar da hanyar da ƙafafunta shi ne aikin wasu. A Beljiyam, Laurent Huwart da Bernard Van Beers sun buga bincike a 2008 a kan majinyata 141, suka kwatanta MRE da sauran hanyoyin da ba na allura ba, suka tarar ta fi su dacewa da sakamakon nama, kuma ta fi yawan yin nasarar ba da awo. A asibitin Charité na Balin, Ingolf Sack da Jürgen Braun sun gina nasu tsarin. A San Diego, Rohit Loomba da Claude Sirlin sun gwada ta a 2014 a kan mutum 117 masu kitsen hanta, suka nuna tana gano tabon da ya yi nisa. A 2015 Siddharth Singh da abokan aikinsa suka tattara bayanan majinyata 697 daga bincike 12, suka sake lissafi daga tushe. Sakamakon ya nuna awon ya fi ƙarfi wajen gano tabo mai nisa da ƙanƙancewar hanta, ƙarfinsa ya ɗan ragu wajen rarrabe matakan farko, kuma ƙiba ba ta rage ingancinsa ba.

Akwai wata sarƙaƙiya a duk waɗannan bincike. Ana auna ingancin sabon gwajin ne da sakamakon allura, alhali ita allurar tana kuskure. Idan suka saɓa, ba kullum ne sabon gwajin ke da laifi ba. Shi ya sa binciken baya-bayan nan ya karkata ga wata tambayar: shin adadin taurin yana faɗin wanda cikinsa zai tara ruwa, ko zai yi aman jini, ko zai rasu a shekaru masu zuwa? Bibiyar majinyata ta nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar taurin, kuma wannan hujja ta fi ta kwatanci da nama nauyi.

Yadda ake auna tasirin mai bincike

Jami'o'i suna da hanyoyin ƙirga aikin malamansu. Ana ƙirga yawan maƙalu, da yawan lokutan da wasu masu bincike suka kafa hujja da su. Eugene Garfield ne ya kafa kundin da ke bibiyar wannan a 1964. A 2005 masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h: wanda ma'auninsa ya kai 50, yana da maƙalu 50 da kowacce aka ambata aƙalla sau 50. Ta wannan fuska Ehman yana cikin na gaba a fanninsa. Sunansa yana kan ɗaruruwan maƙalu, an ambaci maƙalar 1995 sau dubbai, yana kuma da rajistar ƙirƙira masu yawa.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani amma ba su faɗin komai da komai. Maƙalar da ta taƙaita aikin wasu takan tara ambato fiye da wadda ta kawo sabon abu. Shugaban babban ɗakin bincike sunansa yana hawa kan aikin ɗalibansa duka. Dabarar da ta yi nasara sosai kuma takan daina samun ambato, domin ta zama abin da kowa ke yi ba tare da tunanin asalinsa ba, kamar yadda ya faru da dabarun gyara motsi na shekarun 1980. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki.

A aikin Ehman, alamun da suka fi nuna tasiri suna wajen ɗakin karatu. Na farko, an daidaita hanyar. Faifai iri ɗaya, girgiza sau 60, lissafi iri ɗaya, ko da wane kamfani ne ya ƙera na'urar, ta yadda kilofaskal 4 a Tokiyo shi ne kilofaskal 4 a Landan. Wannan ya fi kowace maƙala muhimmanci ga majinyacin da ya canza asibiti. Ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa idan awo biyu na mutum ɗaya suka bambanta da kashi 19 cikin ɗari ko fiye, to canjin na gaske ne, ba kuskuren na'ura ba. A 2019 gwajin ya samu lambarsa ta kansa a tsarin biyan kuɗin asibiti na Amurka, abin da ke ba asibiti damar neman kuɗinsa daga kamfanin inshora. Ƙungiyoyin likitocin hanta sun sa shi cikin jagororinsu. Kamfanonin magani suna amfani da shi wajen gwajin sababbin magungunan kitsen hanta. Ɗaliban da suka tashi a ɗakin bincikensa, irin su Meng Yin, sun zama masu jagorantar nasu binciken.

Takwarorinsa sun yaba masa ta hanyoyin da suka saba. Ƙungiyar masana MRI ta duniya ta ba shi lambar zinariya a 1995, ya kuma shugabance ta daga baya. An zaɓe shi cikin majalisar masana lafiya ta ƙasar Amurka a 2010, ya shugabanci ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka a 2017.

Akwai batun kuɗi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Asibitin Mayo ya kafa kamfani mai suna Resoundant don ƙera kayan girgizar da ba da lasisin lissafin ga masu ƙera na'urori, Ehman ne kuma ya jagorance shi. Shi da asibitin suna da rabo a cinikin, kuma ana rubuta haka a ƙarshen maƙalunsa. Ba don kamfanin ba da wuya hanyar ta fita daga Rochester ta shiga na'urori sama da dubu a faɗin duniya a tsari guda. Amma mai ƙirƙira da ke cin riba daga abin da ya ƙirƙira bai isa ya zama shi kaɗai ne shaidar ingancinsa ba, shi ya sa binciken Beljiyam da Jamus da San Diego da na ƙasashen Asiya ke da nauyi na musamman.

Inda awon yake gazawa

Tauri ba tabo ba ne kawai. Kumburin hanta mai tsanani yana ɗaga adadin. Haka ciwon zuciyar da ke sa jini ya taru a hanta, da toshewar hanyar matsarmama. Cin abinci ma yana ƙara shi, musamman ga mai tabo, don haka ake cewa mutum ya yi awa huɗu bai ci komai ba kafin gwajin. Hantar da sinadarin ƙarfe ya taru a cikinta, kamar ta wanda aka sha yi wa ƙarin jini, tana dusashe siginar har awon ya gagara, ko da yake sababbin hanyoyin ɗauka masu sauri sun rage wannan matsala. Mai tsoron matsattsen wuri, da mai wasu nau'ikan ƙarfe a jiki, ba sa shiga na'urar. Kuma awon yana faɗin yawan taurin ne, ba ya faɗin dalilinsa. Idan ba a san abin da ke cin hantar ba, har yanzu allura tana da aikinta.

Babbar kishiyar MRE ita ce FibroScan, wadda Laurent Sandrin da kamfanin Echosens na Faris suka samar, aka buga bayaninta a 2003. Ita ma girgiza take aikawa tsakanin haƙarƙari, amma da sauti take bin sawunta. Ana iya tura ta daga ɗaki zuwa ɗaki, gwajin bai wuce 'yan mintuna ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na MRI ba. Rauninta shi ne ɗan yanki kaɗan take aunawa, tana wahala ga mai teɓa, ba ta aiki idan ciki ya tara ruwa. Duk da cewa su biyun da kilofaskal suke magana, ba abu ɗaya suke aunawa ba, adadin FibroScan yakan ninka na MRE kusan sau uku, don haka ba a kwatanta takardun sakamakonsu kai tsaye. Jagorar likitocin hanta na Amurka ta 2023 kan kitsen hanta ta jera su ne bi da bi: a fara da lissafin FIB-4, wanda ake yi da shekarun mutum da gwajin jini, sai FibroScan, sai MRE ga wanda sakamakonsa ya rikice.

Buƙatar awon da za a iya maimaitawa ta ƙaru ne da aka tabbatar tabon hanta yana iya ja da baya. Binciken da Patrick Marcellin ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2013, ya bi masu cutar nau'in B da suka sha maganin tenofovir shekara biyar. Cikin 96 da hantarsu ta ƙanƙance tun farko, 71 sun fita daga wannan mataki. A watan Maris na 2024 kuma Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko na kitsen hanta mai haɗe da tabo.

Rabon na'urorin a duniya bai bi rabon cutar ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar hanta nau'in B. Wata ƙidaya da aka buga a wannan shekarar ta samu na'urorin MRI 84 kacal a Afirka ta Yamma gaba ɗaya, 58 daga ciki a Najeriya, yawancinsu kuma masu raunin maganaɗisu ne, alhali MRE tana buƙatar na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3. Saboda ƙasashe irin waɗannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina shawararta a kan lissafin APRI, wanda gwajin jini biyu masu araha suka ishe shi. A jagorarta ta 2024 ta ce a fara wa mai cutar nau'in B magani idan APRI ɗinsa ya wuce 0.5, ko awon taurin hantarsa da na'ura irin FibroScan ya wuce kilofaskal 7.

A Mayo da sauran cibiyoyi binciken ya karkata yanzu ga ɗaukar igiyoyin ta fuska uku, da auna yadda nama ke shanye girgiza baya ga saurinta, da fatan a rarrabe kumburi da tabo, abin da adadin tauri shi kaɗai ba ya iyawa. Ana haɗa awon da na yawan kitse da na ƙarfe a zama ɗaya na 'yan mintuna. Ana auna taurin saifa don hasashen hawan jini a babbar jijiyar hanta. An kuma koma kan ƙwaƙwalwa: binciken Matthew Murphy da Ehman da abokan aikinsu na 2011 ya nuna ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ta sa'o'insu taushi, likitocin tiyata kuma suna gwada hanyar don sanin taurin ƙarin da ke cikin kai kafin su buɗe ƙoƙon.